Filin Karari a Idon Ɗan Gidan Dawaki

Gidanmu gidan dawaki ne. Kakana na wajen uba yana cikin masu hawa a bayan hakimi ranar sallah, mahaifina ya gaji sirdinsa, ni kuwa abin da ya faɗo kaina tun ina ƙarami shi ne aikin barga: sharar turke, sauko da harawa daga kan soro, jiƙa dusa da kanwa, kai doki rafi wanka. Kafin in iya rubuta sunana da boko na iya ɗaure majayi, na kuma san linzamin da ke yanka bakin doki da wanda ba ya yanka. Kakan nan nawa yana da wata ɗabi'a da ba ya fasawa. Duk jajiberin sallah, bayan la'asar, sai ya ɗauki sandarsa ya taka filin sukuwa da ƙafa daga wannan kai zuwa wancan, yana duba ramin gafiya da wuraren da ruwan damina ya zaizaye. In ya ga rami ya sa mu cike. Yakan ce ba a sakar wa doki linzami a ƙasar da ba a taka ba.

Da wannan tarbiyya na tafi Kartum karatu a tsakiyar shekarun 1990. Ran Juma'a mukan tsallaka gada zuwa Umdurman, mu zaga kasuwa, da yamma mu tsaya kallon zikiri a hubbaren Shehu Hamad al-Nil. Wata rana muka shiga Gidan Halifa, wanda aka mayar gidan tarihi tun 1928, dab da hubbaren Mahadi. Abokan tafiyata suka tsaya wajen tsofaffin bindigogi da jibbobin Ansaru, mabiyan Mahadi, masu faci launi-launi. Ni kuwa sulke da kwalkwali da lifidi suka riƙe ni, domin irinsu ne nake gani a jikin 'yan lifida ranar hawa, har ɗinkin audugar bai bambanta sosai ba. Rahotanni sun ce yaƙin da ya ɓarke a Afrilun 2023 ya taɓa wannan gida, an kuma yi awon gaba da kayansa. Duk sanda na tuna sai raina ya ɓaci.

Wanda ya kai ni filin dagar kansa wani dattijo ne Bahaushe, haifaffen Maiwurno da ke bakin Shuɗin Nilu, mai sana'ar agashe a wata unguwa ta Umdurman. Wurinsa muke zuwa in kewar gida ta dame mu, don tsiren nasa da ƙuliƙuli yake, Hausarsa kuma ta mutanen da ce, irin wadda ba a cika ji a Kano yanzu ba. Ya yi aikin soja da ƙuruciya a wajen Wadi Sayyidna, saboda haka ya san yankin ciki da bai. Da ya ji ina ta tambaya a kan dawakin Halifa sai ya ce, "Ɗana, labarin Karari ba a cikin ɗaki yake ba. Ka zo da takalmi mai ƙwari da gorar ruwa, mu je ka gani."

Filin yana arewa da Umdurman, tafiyar kamar kilomita 11 daga tsohon gari. Muka bi motar haya har inda gidaje suka ƙare, sauran muka ƙarasa a ƙafa. A lokacin yawancin wurin yana hannun soja, abin da ya hana gine-gine cinye shi ke nan. Fasalinsa ba wuyar ganewa. Kogin Nilu yana gabas. Duwatsun Karari, baƙaƙe marasa tsawo, sun tokare arewa. Daga kudu akwai dutse guda mai tsini da mutanen wurin ke kira Jabal Surkab, littattafan Turawa kuma suna rubuta Surgham. Tsakaninsu fili ne fetal, tsakuwa da rairayi da 'yan ƙayoyi jefi-jefi, babu inuwar da akuya za ta fake.

A nan ne ranar Juma'a, 2 ga Satumba 1898, daular Mahadiyya ta ƙare. Muhammad Ahmad, wanda ya ce shi ne Mahadi, ya ci Kartum a Janairun 1885, aka kashe Janar Godon, shi kuma ya rasu bayan wata biyar ya bar mulki a hannun Halifa Abdullahi, mutumin Ta'aisha daga kudancin Darfur. Shekara goma sha uku bayan haka Janar Kicina ya iso da soja kimanin 25,000, wajen 8,000 Turawan Ingila, sauran Misirawa da Sudanawa. Bai yi garaje ba. Sai da ya shimfiɗa layin dogo ya ratsa hamada daga Wadi Halfa, ya murƙushe rundunar Halifa da Mahmud Ahmad ke jagoranta a Atbara cikin Afrilu, sa'an nan ya kafa sansani a ƙauyen Igaiga, baya ga kogi, gaba ga fili, ya kewaye kansa da shingen ƙaya da ramukan fakewa. A cikin kogin jiragen yaƙi ne masu igwa. Halifa kuwa ya fito da mutum wajen 50,000, mafi yawansu da takobi da mashi.

Dattijon nan, da nake kira Baba, bai bar ni na tsaya karanta wannan a littafi ba. Ya kai ni wajen da ya ce nan ne harsashin igwa ya fara sauka a kan Ansaru da sassafe, ya nuna min kogi, ya ce mu tafi. Muka yi kusan rabin sa'a muna tafiya ba mu kai ba. Tazarar ta wuce kilomita 2, kuma duk tsawonta ba tudu ba kwari. Mutanen Usman Azrak, ɗaya daga cikin manyan Halifa, sun taka wannan ƙasa da tutocinsu suna kabbara, igwa tana zuba, bindiga mai ruwa tana zuba, bindigogin sahu suna zuba, babu ko mutum ɗaya da ya taɓa shingen. An ce sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi, amma a ranar nan yawa bai yi rana ba. Masu cewa wauta ce ta sa su yin haka ba su yi musu adalci ba. Mutanen nan da irin wannan hari suka hallaka rundunar Hikis Basha a Shaikan a 1883, sai dai can cikin kurmi ne, inda mai takobi kan iso kafin mai bindiga ya gan shi. Wasu manyan Halifa sun ba da shawarar a kai hari da dare, kuma abin da Kicina ya fi tsoro ke nan, har ya sa jiragensa suka kwana suna haska filin da manyan fitilu. Halifa ya zaɓi safiya. A ganina a nan aka yi hasarar yaƙin, tun kafin a harba harsashi ɗaya.

To, ina dawaki a cikin wannan duka? Sau uku suka shigo labarin, kuma wanda ya fi amfani shi ne wanda aka fi mantawa.

Na farko, a kan duwatsun Karari Kicina ya ajiye mahayan Masar da rundunar raƙuma ƙarƙashin wani hafsa mai suna Burodwud. Usman Shaikhuddin, ɗan Halifa, ya auka musu da dubban mayaƙa. Burodwud ya duba ya ga ba zai iya tsayawa ba, bai kuma koma cikin sansani ba. Ya riƙa ja da baya yana nufar arewa, mahayansa su sauka su yi harbi, su hau su matsa, su sake sauka, yana jan abokan gaba kamar yadda makwarwa ke jan yaro nesa da sheƙarta. Raƙuma ne suka kusa hallaka, don tafin raƙumi ba ya son dutse, ga su da raunana. Suna rarrafawa wajen kogi, Ansaru sun kusa tare su, sai jirgin nan mai suna Malik ya matso gaɓa ya buɗe wuta. Na hau duwatsun nan, na ga irin tsakuwar da ke wurin, masu kaifi, masu gangarowa ƙarƙashin ƙafa. Duk wanda ya fitar da doki daga nan ba tare da kofato ya tsage ba, mahayi ne. Amfanin abin da Burodwud ya yi bai bayyana ba sai da hantsi. Lokacin da Yakubu, ɗan'uwan Halifa, ya taso da rundunar baƙar tuta ya far wa sojan wani hafsan Kicina mai suna Makdonal, mutanen Shaikhuddin ba su dawo ba tukuna. Da hare-haren biyu sun zo tare, ɗaya ta gaba ɗaya ta baya, da Makdonal ya shiga uku. Sai suka zo bi da bi, ya gama da na farko ya juya sahu ya tari na biyu. Shi jirgin Malik na je na gan shi daga baya a harabar wani kulob na masu kwalekwale a bakin Shuɗin Nilu, inda ambaliya ta ɗaga shi ta dire a tudu. A Ingila aka ƙera shi, aka kawo shi gunduwa-gunduwa aka harhaɗa a bakin kogi, kuma wanda ya jagorance shi ranar Karari ɗan ɗan'uwan Godon ne.

Na biyu shi ne wanda duniya ta sani, kuma don shi baƙi Turawa ke zuwa a lokacin. Kudu da Jabal Surkab akwai wani kwari da ake kira Abu Sunt. Baba ya tsayar da ni can nesa ya ce, "Me kake gani?" Na ce, "Fili, Baba." Ya ce mu matsa. Muka matsa, ban ga komai ba sai ƙasa shimfiɗe. Sai da ya rage 'yan taku kaɗan ƙasar ta buɗe a gabana: busasshen rafi, zurfinsa bai wuce ƙirjin mutum ba, amma mai faɗi da tsawo, wanda zai ɓoye jama'ar gari guda in sun durƙusa. Gabana ya faɗi, don nan take na san abin da zai sami doki in ya iso wurin nan a guje.

Bayan an karya harin asuba, Kicina ya aiki runduna ta 21 ta mahaya 'yan mashi, ƙarƙashin Kanar Matin, su duba hanyar Umdurman, su hana waɗanda suka watse komawa cikin gari. Mahaya ne tsakanin 300 da 400, a kan ƙananan dawakin Sham da aka ba su a Masar. Rundunar ba ta taɓa shiga yaƙi ba tun da aka kafa ta, sauran soja suna yi mata gori a kan haka, kuma hafsoshinta sun ƙagu su wanke kansu. Suna tafe sai suka ga wani siririn sahu na mutane a tsaye a fili, mutanen suka fara harbinsu. Matin bai aika kowa ya sake duba bayan sahun ba. Ya sa aka busa ƙaho, aka juya, aka saki linzami. Mutanen da ke wurin na Usman Digna ne, gogan gabashin Sudan, wanda tun a Tamai a 1884 Hadandawansa suka ɓullo daga cikin kwari suka fasa sahun Ingila. Ya san aikin kwari. Halifa kuma ya ƙaro masa mutane ta bayan dutse ba tare da Turawa sun gani ba. Da mahayan suka kusa, sai mutum fiye da 2,000 suka miƙe daga cikin ƙasa.

Dokin da ya kai ƙarshen gudunsa ba ya tsayuwa don an ja linzami, balle ɗaruruwa kafaɗa da kafaɗa. Na gaba suka faɗa kwarin, wasu suka kife, wasu suka tsallake kan mutane. Mashi kuwa makamin suka ɗaya ne, ƙarfinsa daga gudun doki yake. Da zarar doki ya tsaya cikin cinkoso, mashi ya zama kaya. Mutanen Digna ba su gudu ba. Suka riƙa sare agarar dawaki, suna yanke linzami da igiyar likkafa, suna jawo mahayi ƙasa. Baba ya sauka cikin kwarin ya durƙusa ya nuna min yadda mai takobi zai kai sara daga ƙasa, ya ce, "Ɗana, mahayi sarki ne muddin dokinsa na tafiya. In ya tsaya, na ƙasa ya fi shi."

Abin bai wuce minti biyu ba. Mahaya 21 suka mutu, kusan 50 suka ji rauni, dawaki 119 aka kashe ko aka raunata. Wannan adadi na ƙarshe shi ya fi tsaya min a rai, kuma shi ne ba a cika ambata ba. Wanda ya taɓa kwana a barga yana jinyar doki mai ciwon ciki ya san abin da ake nufi da dawaki 119 a cikin minti biyu, wasu hanji a waje suna gudu ba mahayi. Su ba su san Halifa ba, ba su san Sarauniyar Ingila ba.

Da waɗanda suka tsira suka haɗu a ɗaya gefen, Matin ya sa suka zagaya, suka sauka daga kan dawaki, suka buɗe wuta da gajerun bindigoginsu ta tsawon kwarin. Nan da nan mutanen Digna suka janye wajen dutse, a natse. Ke nan abin da ya tashe su daga wurin yana rataye a sirdin kowane mahayi tun farko. Ban ga jarumta a umarnin Matin ba, na ga mutumin da ya saki linzami a ƙasar da bai taka ba, ya kuma gajiyar da rundunar da aka aika wani aiki dabam. Jarumtar tana wurin waɗanda suka koma cikin kwarin don ɗauko 'yan'uwansu, kuma uku daga cikinsu sun sami lambar yabo mafi daraja ta sojan Ingila. Abin da ya ɗaukaka labarin shi ne wani matashin hafsa ɗan shekara 23 da ke cikin sahun, Winston Cocil, wanda daga baya ya zama Firayim Ministan Ingila. Kafaɗarsa tana da tsohon targaɗe, don haka ya mayar da takobi kube ya zaro ƙaramar bindiga, ya fita lafiya. Yana aika wa wata jaridar Landan rahoto, a 1899 kuma ya fitar da littafi a kan yaƙin. Minti biyu suka sami marubuci, suka rufe sauran sa'o'i biyar.

Na uku ya zo dab da ƙarshe. Bayan hari na biyu a kan Makdonal, na masu koren tuta, ya karye, wasu 'yan ɗaruruwan mahayan Baggara suka ja sahu. Sun ga abin da ya sami na ƙasa, sun san abin da ke jiransu. Suka sako dawaki kan bakin bindiga, babu wanda ya kai. Baggara 'yan'uwan Larabawan Shuwa ne na Barno da Cadi, makiyaya masu son doki kamar ransu, kuma dawakin wannan yanki dangin namu ne, jinin Dongola da ake gani har ƙasar Hausa. Da na tsaya a wajen sai na riƙa ganin fuskokin mahayan garinmu sanda suka taso jahi, sun tsuke linzami a gaban sarki, ƙura ta turnuƙe. Hawan iri ɗaya ne, sai dai waɗannan babu wanda ya ja linzami. Ban iya kiran abin da suka yi dabarar yaƙi ba, ban kuma yarda a kira shi hauka ba. Mutane ne da suka ga duniyar da suka sani ta ƙare, suka ƙi a ce sun juya mata baya.

Kafin azahar an gama. Ansaru sama da 10,000 suka kwanta a filin, raunana sun fi haka, a ɓangaren Kicina kuwa waɗanda suka mutu ba su kai 50 ba, kusan rabinsu a kwarin Abu Sunt. An bar raunana da yawa cikin rana, an ƙarasa wasu, abin da Cocil kansa ya soka a rubuce. Aka rushe hubbaren Mahadi, aka zubar da ƙasusuwansa a kogi, sai a 1947 ɗansa Sayyid Abdurrahman ya sake gina shi. Halifa ya tsere kudu, aka cim masa a Umm Diwaikarat a Nuwamban 1899, ya rasu zaune a kan buzunsa tare da manyan mutanensa.

A kusa da kwarin akwai wani ginshiƙi na farin dutse da Turawa suka kafa don tunawa da mahayansu. Mun tsaya, na karanta rubutun. Ban ji haushinsa ba, kowa da hakkin ya yi kukan nasa. Baba dai ya juya ya fuskanci filin, ya ɗaga hannu, muka yi wa dubban da ba a rubuta sunansu ba addu'a. Sudanawa ba su manta da su ba. Sunan Karari yana kan ƙaramar hukuma da jami'a, kuma wani hafsan sojansu, Ismat Hasan Zulfo, ya bi tsofaffin da suka ga yaƙin da idonsu ya rubuta littafi a kansa daga ɓangaren waɗanda aka ci.

A hanyar komawa muka zauna gindin wata ƙaya muka sha ruwa, sai Baba ya ɗauko zancen gida. Ya tambaye ni ko na san Kwatarkwashi. Na ce na san dutsen, a kan hanyar Gusau. Ya ce to abin da na gani yau shi ya faru a can, shekara biyar ba ta cika ba. Gaskiya ya faɗa. Turawa sun shiga Kano ranar 3 ga Fabrairu 1903, Sarkin Kano Alu ya tafi Sakkwato. A ƙarshen watan, mahayan Kano da ke komowa ƙarƙashin Waziri Ahmadu suka yi karo da wata 'yar ƙaramar ƙungiyar soja da ba ta kai mutum 50 ba. Sojan suka sauka daga dawakinsu suka ja sahu murabba'i, barade suka yi ta kai hari suna komawa, Waziri ya faɗi a wurin. Ranar 15 ga Maris aka yi ta Giginya a bakin Sakkwato, ranar 27 ga Yuli kuma Sarkin Musulmi Attahiru ya yi shahada a Burmi. Ɗansa Muhammadu Bello Maiwurno ya ja sauran jama'a suka yi gabas, har suka zauna a bakin Shuɗin Nilu kusa da Sinnar, a ƙasar da ita ma ta riga ta shiga hannun Ingila. Garin da aka haifi Baba sunan wannan bawan Allah yake ɗauke da shi.

Na ce, "Baba, kakanku da dokinsa ya iso?" Ya girgiza kai. Ya ce kakansa barde ne, ya fita Burmi da doki da sulke da matansa biyu. Sulken ya yi nauyi, aka bar shi a hanya. Dokin ya kai su har Wadai, a can yunwa ta matsa, aka sayar da shi aka sayi gero. Sauran tafiyar, daga Wadai zuwa Darfur zuwa Kurdufan har bakin Nilu, a ƙafa ya yi ta, kuma har ya rasu a Maiwurno noma ya yi, bai sake ɗaure doki a ƙofar gidansa ba.